Gyaran giyar mota

Gyaran giyar mota reshe ne na sana'ar kanikanci wanda ya shafi kula da akwatin giya, gano matsalarsa, da gyara shi ko sauya shi idan ya lalace. Akwatin giya, wanda kanikawa suka fi kira giyabos, shi ne ɓangaren da ke karɓar ƙarfi daga injin ya miƙa shi ga tayoyi gwargwadon gudu da nauyin da motar ke ɗauke da shi. Yana cikin sassan mota mafi tsada, don haka lalacewarsa kan sa a ajiye mota tsawon makonni, ko ma a sayar da ita a kwance.

A birnin Kano sana'ar ta fi ƙarfi a yankin Sabon Gari da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Fagge, inda garejoji da shagunan kayan gyara suke maƙwabtaka da juna. Aikin ya sauya sosai daga ƙarshen ƙarni na 20, lokacin da motocin hannu masu giyar atomatik da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suka maye gurbin motocin Peugeot masu giyar hannu. Akwatin atomatik ya dogara kacokan ga mansa, saboda haka babban kaso na kula da shi ya koma kan irin man da aka zuba, tsaftarsa da zafinsa.

Suna da kalmomin sana'a

Kalmar giya ta mota aro ce daga Turanci. A rubutun boko ta yi kama da giya ta barasa, mahallin magana ne ke nuna wadda ake nufi. Yawancin kalmomin gareji ma daga Turanci suka shigo, aka daidaita su da tsarin furucin Hausa. Da yake Hausa ba ta cika haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma ba, sai a saka wasali a tsakaninsu, a kuma ƙara wani a ƙarshe, kamar yadda ya faru a kuloci da birki. Sautin Turanci da babu shi a Hausa kuma a kan musanya shi da na kusa da shi, shi ya sa ake cewa ribas da fakin.

Direbobi kan ƙirga giya da lamba: lamba ɗaya, lamba biyu, har zuwa lamba biyar ko shida. Idan sandar giya tana tsakiya, ba ta kama kowace lamba ba, sai a ce mota tana firi. Siraran faya-fayan da ke cikin akwatin atomatik ana kiran su faiba, na'urar lantarkin da ke sarrafa mota kuma ƙwaƙwalwar mota. A Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwan Jamhuriyar Nijar, inda aron ya biyo ta Faransanci, wasu daga cikin waɗannan sassan suna da sunaye daban.

Aikin akwatin giya

Injin mota yana aiki ne a tsakanin wani iyakantaccen gudu. Idan mota tana tsaye a kunne, injin fetur kan yi zagaye 600 zuwa 900 a minti ɗaya, kuma yawancinsu ba su wuce kusan 6,000. Tayoyi kuwa dole su fara daga tsayuwa cik har su kai gudun babbar hanya. Akwatin giya ne ke daidaita waɗannan biyun.

Tushen aikin shi ne haɗuwar ƙafafun ƙarfe masu haƙora. Idan mai haƙora 15 yana juya mai haƙora 45, sai ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka uku. Wannan shi ne abin da ke faruwa a lamba ɗaya, wadda a ƙananan motoci da yawa rabonta ya kai kusan 3.5 zuwa 1, shi ya sa ake tashi da ita ko hawan tudu da kaya. A lamba huɗu rabon kan kusanci 1 zuwa 1. A lamba biyar abin da ke fita ya fi injin saurin juyawa, injin ya huta, man fetur ya ragu. Ribas kuwa ana samunta ne ta hanyar saka ƙafa ta uku a tsakani, wadda ke juya alƙiblar zagayen.

A motocin da ke ja da tayoyin baya, kamar Peugeot 504 da Toyota Hiace, ƙarfin yana bi ta farfela zuwa gatarin baya. A masu ja da tayoyin gaba, kamar Toyota Corolla, Honda Accord da Volkswagen Golf, akwatin giya da mai raba ƙarfi tsakanin tayoyi suna cikin gida ɗaya.

Ire-iren giya

Giyar hannu

Ita ce mafi daɗewa. Kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya yi amfani da akwati mai zamewar haƙora tun a shekarun 1890. A shekarar 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da zoben daidaita gudu, wanda ke sa haƙora biyu su yi gudu ɗaya kafin su haɗu, abin da ya kawar da ƙarar gurzawa yayin sauya lamba. Direba yana taka kuloci ya raba injin da akwati, ya sauya lamba, sannan ya saki. Abin da ya fi saurin cinyewa a nan shi ne faifan kuloci, ba akwatin kansa ba.

Giyar atomatik

Kamfanin General Motors ya fara sayar da akwatin Hydra-Matic a motocin Oldsmobile ƙirar 1940, kuma a 1948 Buick ya fito da Dynaflow mai amfani da kwanbata. Kwanbata wata rufaffiyar tukunya ce cike da mai da ke tsakanin injin da akwati. Injin yana juya fanka ɗaya, fankar ta watsa mai, man ya juya ta biyu, don haka babu buƙatar kuloci na ƙafa. A cikin akwatin akwai famfo da ke matsa mai, da gidan bawul mai ƙananan hanyoyi, da tarin faiba. Ƙarfin mai ne ke matse faiba domin kama kowace lamba. A motocin zamani ƙwaƙwalwa ce ke buɗe bawul-bawul ɗin ta hanyar sauya wutar lantarki. Haruffan da ke kan sanda su ne P na fakin, R na ribas, N na firi, da D na tafiya gaba.

Giyar CVT

Wannan ba ta da lambobi tsayayyu. Tana da bel ko sarƙar ƙarfe da ke gudana tsakanin fulai biyu masu buɗewa da tsukewa. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fara sa ta a ƙaramar mota a 1958. A yau ana samunta a motocin Nissan da yawa, da Toyota Corolla da Honda Accord na shekarun baya-bayan nan. Tana rage shan fetur, amma ba ta jure zafi da nauyin kaya kamar sauran, kuma manta daban ne.

Giya mai kuloci biyu

Cikinta kamar na giyar hannu yake, sai dai kwamfuta ce ke taka kuloci biyu, ɗaya na lambobin mara, ɗaya na lambobin cika. Volkswagen ya fara sayar da irinta mai suna DSG a 2003.

Tarihin sana'ar a Kano

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai direbobi da masu aikin ƙarfe da suka koyi aiki a hukumar jiragen ƙasa da kamfanonin Turawa. Jigilar gyaɗa da fatu daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi ta sa manyan motoci suka yawaita, buƙatar masu gyara ta ƙaru. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, 'yan kasuwar Igbo da suka dawo Sabon Gari sun yi fice a cinikin kayan gyaran mota, suna da alaƙa da kasuwannin Nnewi da Onitsha da Legas.

A watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motoci masu sitiyari a hagu suka zama su ne doka, direba yana sauya giya da hannun dama. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma ƙirar 504 ta mamaye ma'aikatun gwamnati da tashoshin mota na Arewa. Akwatinta na hannu ne mai sauƙin kwancewa, kayansa kuma suna ko'ina. Kanikawa da dama na wancan zamani a kanta suka koyi aiki.

Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, sai kasuwar motocin hannu ta buɗe. Ana kiran su Beljiyom ko 'yan Kwatano, saboda tashoshin ruwan da suke biyowa. Waɗanda suka fito daga Amurka da Kanada, musamman Honda da Toyota, mafi yawansu atomatik ne. Suna isowa da shekaru a kansu da dogon zango a mita, kuma sau da yawa babu takardar da ke nuna lokacin da aka sauya man giya na ƙarshe. Wasu ma tun daga masana'anta suke da rauni: a 2004 Honda ta yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya a Arewacin Amurka saboda zafin da ke lalata haƙoran lamba biyu, cikinsu har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida. Daga wannan lokaci aka fara samun kanikawan da ba su yin komai sai giyar atomatik.

Hana ɗaukar fasinja a babur da gwamnatin jihar Kano ta yi a watan Janairun 2013 ya ƙara wani reshe. Kekunan A Daidaita Sahu ƙirar Bajaj da TVS, masu lamba huɗu da ribas waɗanda ake sauyawa da hannu a jikin kan keken, suka cika tituna, gyaran kuloci da wayar giyarsu ya zama aikin yau da kullum.

Man giya

A akwatin hannu, aikin mai shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe. Ana gane shi da lambar kauri irin su 75W-90 ko 80W-90, da kuma aji, GL-4 ko GL-5. Ajin GL-5 an yi shi ne musamman domin gatari, kuma sinadaran da ke cikinsa na iya cutar da zoben tagulla a wasu akwatunan da aka ƙera domin GL-4. Wasu akwatunan hannu na motoci masu ja da gaba suna amfani da mai marar kauri na musamman.

A akwatin atomatik kuwa mai yana ayyuka huɗu a lokaci ɗaya: yana ɗaukar ƙarfi a cikin kwanbata, yana matse faiba, yana shafe sassa, yana kuma kwashe zafi. Kowane kamfani yana ƙera faibarsa bisa santsin wani mai na musamman. General Motors yana da Dexron tun 1967, Ford yana da Mercon, Toyota tana da T-IV da kuma WS a motocin da suka biyo baya, Honda tana da Z1 wanda DW-1 ya maye gurbinsa, Nissan kuma tana da NS-2 da NS-3 domin CVT. Kasancewar yawancinsu ja ne ya sa ake ɗauka duk ɗaya ne, alhali launin rini ne kawai. Zuba man atomatik na gama-gari a akwatin CVT na iya sa bel ya riƙa zamewa har ya karce fulai. Sunan man da ya dace yana cikin littafin motar, a wasu motocin kuma an rubuta shi a jikin gejin mai.

Man atomatik yana aiki daidai a zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas. Idan ya daɗe sama da haka yakan ƙone, ya yi baƙi, robobin cikin akwati su bushe. Littattafan masana'antu sun ware abin da suke kira yanayi mai tsanani, wanda ya haɗa da zafin gari, ƙura, cunkoso da ɗaukar kaya mai nauyi. Duka huɗun ana samunsu a Kano: zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, hunturu na zuwa da ƙura, ga cunkoson hanyoyin Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, inda mota ke daɗewa tana tafiya tana tsayawa. A irin wannan yanayi tazarar sauya man atomatik da ake yawan bayarwa ita ce kilomita 40,000 zuwa 60,000, ko da a motocin da aka ce mansu na har abada ne. Mitar motocin Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 60,000 ya kai kusan kilomita 96,000.

Kwance noti a zubar da mai ba ya fitar da shi duka. A ƙaramar mota mai cin lita 7 zuwa 9, abin da ke fita bai cika wuce lita 3 zuwa 4 ba, sauran yana cikin kwanbata da bututu. Saboda haka wasu kanikawa kan maimaita zubarwa da cikawa sau biyu ko uku, ana ɗan tuƙa motar a tsakani. Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa sauya mai yana kashe tsohuwar giya. Abin da ke faruwa shi ne, idan faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a tsohon mai shi ke taimaka mata kamawa, sabon mai sai ya fito da lalacewar da ke ɓoye. Ba sabon man ne ya jawo ta ba.

Jabun mai da wanda aka sake ɗurawa a tsohuwar roba matsala ce a kasuwannin Nijeriya, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido a kai.

Kulawa ta yau da kullum

Ana duba man atomatik ne a fili mai daidaito bayan mota ta ɗumama. A yawancin motocin Toyota masu geji ana dubawa injin yana kunne, sanda tana P, amma a tsofaffin Honda sai an kashe injin a duba nan take. Mai mai kyau ja ne garau. Mai launin ƙasa-ƙasa ya tsufa, baƙi mai warin ƙuna yana nuna faiba ta ƙone. Yawancin sababbin motoci ba su da geji, ana auna mansu ta wani noti a jikin akwati a wani ƙayyadadden zafi. Cika mai fiye da ƙima yana sa ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu.

Man giya yana sanyaya ne ta wani bututu da ya ratsa cikin lagireto. Zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto yana kawo tsatsa, kuma idan bututun ya huje ruwa da mai sukan gauraya su koma kamar shayi mai madara. Ruwa yana ɓanɓare faiba daga ƙarfenta. Haka ma a damina, musamman a watan Agusta, kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi na iya sa ruwa ya shiga ta ƙofar shan iskar akwati.

Halayen tuƙin da ke rage wa giya kwana sun haɗa da:

- Sauyawa daga D zuwa R ko P kafin mota ta tsaya cik.
- Barin mota a gangare a kan P kaɗai ba tare da jan birkin hannu ba, domin wani ɗan ƙaramin ƙugiyan ƙarfe ne ke riƙe nauyinta duka.
- Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ko riƙe mota a tudu da rabin kuloci.
- Sakin mota firi a gangare da nufin tattalin fetur. Motoci masu allurar fetur suna yanke mai da kansu idan an ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, kuma a firi direba ya rasa taimakon injin wajen rage gudu.
- Jan motar atomatik da igiya zuwa nesa. Idan injin a kashe yake famfon mai ba ya juyawa, sassa suna gudu a bushe. Ɗora ta a kan wata motar ko ɗaga tayoyin da ke ja shi ne mafi aminci. Saboda wannan dalilin ne ma tura motar atomatik ba ya tayar da ita.
- Lodin da ya wuce ƙima, wanda aka saba gani a motocin haya na dogon zango.

Alamomin lalacewa

A giyar hannu, idan injin yana ƙara amma gudu bai ƙaru ba, musamman a manyan lambobi, faifan kuloci ne ya cinye. Ƙarar gurzawa a lamba guda ɗaya tana nuna zoben daidaita gudu na wannan lambar, amma idan a duk lambobi ne, kuloci ne ba ya saki sosai, wataƙila saboda waya ko ƙarancin man famfonsa. Kukan da ke tashi idan an taka kuloci daga boris ɗin kuloci yake, wanda ke ɓacewa idan an taka kuma daga boris ɗin cikin akwati. Giya mai fita da kanta ta koma firi tana nuna cinyewar haƙora ko na cokalin da ke tura su.

A atomatik, alamun farko su ne jinkiri kafin mota ta kama bayan an sa D ko R, fizga yayin sauya lamba, tashin allurar zagaye tsakanin lamba da lamba, da karkarwa a matsakaicin gudu. Akwai motar da ke tafiya lafiya da safe amma ta ƙi motsi idan ta yi zafi, sannan ta sake tafiya bayan an kashe ta na ɗan lokaci, abin da kan nuna toshewar matatar mai. Wani lokaci ƙwaƙwalwa kan kulle akwatin a lamba guda, yawanci ta biyu ko ta uku, domin kare shi idan ta gano matsala.

Matakan gyara

Binciken farko ba ya buƙatar sauke akwati. Ana duba yawan mai da launinsa, a nemi inda yake yoyo, a tuƙa motar, sannan a haɗa na'urar bincike. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wanda ke ajiye lambobin matsala. Lambar P0700 tana nufin ƙwaƙwalwar giya ta ga matsala, P0715 ta shafi na'urar auna gudun shiga, P0730 rabon giya ne bai yi daidai ba, P0740 kuma ta shafi kulocin cikin kwanbata. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta cewa ga abin da za a saya. Matsaloli da dama da ake ɗora wa giya daga waje suke: waya da ta tsinke, batir mai rauni, fulogi da ba ya kawo wuta daidai, ko robar da ke riƙe injin da ta yage. Sauke akwati kafin a kawar da waɗannan yana jawo asarar kuɗi, matsalar kuma tana nan.

Mataki na biyu shi ne cire kaskon ƙasa. Baƙin gari mai laushi kaɗan a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba suna nuna lalacewa ta ciki. A wannan mataki ana iya sauya matata, wanke gidan bawul, da sauya bawul ɗin lantarkin da ya mutu.

Idan lalacewar ta ciki ce, hanyoyi biyu suka rage. Ta farko ita ce a kwance akwatin gaba ɗaya, a sauya faiba, robobi, gasket da boris, a auna tazarar da ke tsakanin faya-faya bisa littafin masana'anta. Aikin yana buƙatar tsafta ƙwarai, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale bawul, kuma wannan babban ƙalubale ne a garejin fili lokacin hunturu. Hanya ta biyu ita ce a sayi akwatin Beljiyom a ɗora, kuma ita ta fi yawa a Kano saboda sauri. Haɗarinta shi ne ba a san tarihin akwatin ba. Dole lambar da ke jikinsa ta dace da ta tsohon, domin mota iri ɗaya shekara ɗaya na iya zuwa da akwati daban gwargwadon injinta da ƙasar da aka yi ta dominta. Masu sayarwa kan ba da 'yan kwanaki na gwaji, kuma rubuta wannan sharaɗi a rasit yana rage rigima tsakanin mai mota, bakanike da mai shago.

Kowace hanya aka bi, sai an wanke bututun sanyaya mai, domin dattin tsohon akwati da ya maƙale a ciki zai koma cikin sabon. Kwanbata ma dole ta zauna daram a kan famfo kafin a ɗaure akwati da injin, in ba haka ba famfon zai fashe tun a tashin farko. Wasu motocin suna buƙatar a goge abin da ƙwaƙwalwa ta saba da shi domin ta koyi sabon akwatin.

Kasuwa da koyon sana'a

Shagunan sababbin kayan gyara da man giya suna da yawa a titunan Sabon Gari, ciki har da yankin France Road, yayin da kasuwar Ƙofar Ruwa ta shahara da kayan kwance. Akwai kuma matattarar kanikawa a Kwakwaci da ke ƙaramar hukumar Fagge. Akwatunan Beljiyom da dama suna biyowa ta Legas, inda kasuwar Ladipo take. Tunda kusan dukkan kayan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin canjin dala, kuma ya tashi sosai bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023. Wannan ya sa gyaran akwati da sauya mai a kan lokaci suka ƙara daraja a wurin masu mota.

Mafi yawan kanikawa a gareji suke koyo, ba a makaranta ba. Iyaye kan kai yaro wurin maigida, ya fara da miƙa sufana da wanke sassa da fetur, ya kai ga sauke akwati, daga baya a bar shi ya buɗe ciki. Bayan wasu shekaru ana yaye shi ya buɗe nasa wurin. Kanikawa suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NATA, kuma hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, tana shirya musu horo kan motoci masu sarrafawar lantarki. Aikin giyar atomatik na yau yana buƙatar karanta lambobi da zanen wayoyi da littafin masana'anta, waɗanda kusan duka da Turanci suke, don haka ake samun matasa masu na'urar bincike da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin kanikawa, ɗaya ya karanta matsalar, ɗaya ya kwance akwatin.